Malam Djibrilla, Mun Kai Ka Lafiya a Kan Ƙanƙara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Juma'a, 10 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Djibrilla, mutumin Maraɗi, tsohon direban babbar mota, a gidansa da ke East Greensboro, bayan jinyar ciwon zuciya. A yammacin ranar sama ta fara zubo dusar ƙanƙara, abin da muka daɗe ba mu gani ba a garin nan.

Malam, da hawaye na zauna rubutun nan, amma wallahi ɗoki ya fi ƙarfina, domin akwai labarin da na ƙagu in ba ka.

Ka tuna haɗuwarmu. Sanyina na farko a Amurka, na fito da safe na tarar gilashin motata ya daskare. Na koma ciki na cika butar alwala da tafasasshen ruwa, a raina ina cewa Bature bai san dabara ba. Daga ƙetaren titi ka ƙwala mini kira: "Kai Bakano, aje butar nan! Gilashi za ka fasa." Ka zo ka tayar da motar, ka kunna hita, ka miƙa mini abin kankarewa na roba. Daga baya na gane kusan duk baƙon da ya zo daga gida sai ya ɗauki butar nan, kuma wanda bai yi sa'ar maƙwabtaka da kai ba sabon gilashi ya saya.

Abin da ka koyo a shekarunka na tuƙi a Ohio ba ka yi mana rowarsa ba. Duk ranar da ƙanƙara ta sauka, mutanen gari suna rububin burodi da madara, kai kuwa kana tattara mu a wani filin ajiye motoci da ba kowa a Wendover. Sai ka zauna a gefe ka ce a danna birki da gangan, don mutum ya ji yadda mota ke raina shi. Mota ta yi juyi, mu saki salati, kai kana dariya har da riƙe ciki. Sannan ka ce mini, "Sake, Garzali. Doucement, a hankali." A nan muka koyi barin tazara mai yawa, muka koyi cewa gada tana riga titi daskarewa, kuma kwaltar da ke sheƙi kamar an zuba mata mai ita ce abar tsoro.

To, ga labarin. An sa jana'izarka ranar Asabar, sai gari ya waye a daskare. Maƙabarta tana bayan gari, mai tuƙa motar gawa ta masallaci kuma ya kasa fitowa daga layinsu. Wasu dattawa suka ce a ɗage zuwa Litinin. Sai matarka, Hajiya Fourera, ta aiko: "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fid da mutane daga sanyi, don Allah kada ku bar mini shi a firiji."

Na dubi sahun masallaci, Malam, kusan kowa ɗalibinka ne. Na karɓi makullin motar gawar.

Da ka ga ayarin nan! Kowa da tazararsa, ba mai gaggawa, ba mai hon. Har Ma'aruf, wanda kake tsokana da cewa ƙafarsa ta dama ba ta jin magana, ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muna hawa wata gada sai na ji bayan motar ya fara zamewa, kai kuma kana kwance a bayana. Zuciyata ta ce birki. Ban taka ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na karkata sitiyari a hankali ɓangaren da bayan ke tafiya, ido a kan inda nake son zuwa. Motar ta yi kamar tana shawara, sannan ta miƙe. Liman da ke gefena ya yi kabbara da ƙarfi, ni kuma na fashe da kuka ina dariya. Mun isa gaba ɗayanmu, ba motar da ta goga wata, muka sa ka a makwancinka kafin la'asar.

Hajiya Fourera, mun cika miki. Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanku Ilham da Abubakar Sadiq da dangi na Maraɗi. Malam, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka koya mana ƙetare gada lafiya, Allah Ya ƙetarar da kai Siraɗi ba tare da ƙafarka ta zame ba. Amin.