Ranar da Mai Kati Ta Bar Tagarta

A ƙaramin asibitin da nake ba da magani, kowa Yaya Mai Kati yake ce mata, har Likita da ya ɗan girme ta. Shekara goma sha tara tana zaune a tagar farko, tana yanka kati tana nemo fayil. Ba ta yi karatun kwamfuta ba. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, ita ce 'yar fari, kuma da idonsa ya fara rauni ita take karanta masa lambobin da ke jikin ƙananan kayan gyara. A wurinsa ta ɗauki ɗabi'ar da ke ba mu haushi idan muna sauri: ba ta taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Sai ta canza ɗaya, ta tsaya ta ga abin da ya faru, ta rubuta, sannan ta matsa gaba. Da haka firinta da duk wata na'ura da ta yi gardama suka koma wuyanta, ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

Wata Talata aka kawo mana jaririya 'yar wata biyar, 'yar wani tela. Ba ta iya shan nono sai ta tsaya tana haki, leɓenta yana yin duhu. Likita ya duba ta da na'urar hoton ciki, ya ga abin da bai kwanta masa ba a zuciyarta, amma ba fanninsa ba ne. Ya roƙi wata ƙwararriyar likitar zuciyar yara da ke wani gari mai nisa, ta yarda ta ba mu rabin awa ranar Laraba da ƙarfe goma sha biyu, tsakanin tiyata biyu. Za ta kalli hoton kai tsaye ta intanet, tana gaya masa inda zai ɗora na'urar. Daga abin da ta gani za a san ko yarinyar za ta iya jira, ko kuwa a kama doguwar hanya da ita a ranar.

Laftof ɗaya ce a asibitin mai manhajar na'urar. Da ƙarfe goma na safiyar Laraba Likita ya kunna ta don gwaji, waifai ya kama, bayan minti huɗu ya yanke. Ya dawo da kansa, ya sake yankewa. Likita ya fara zagin kamfanin intanet, amma wayoyinmu duka suna kan waifai ɗin lafiya ƙalau. Sai ya aike ni in kira Yaya.

Ta bar mutane a layi ta zo da biro da wani tsohon kati. Ta kashe akwatin waifai ta kunna, ta jira, ya yanke. Ta ɗauki laftof ɗin ta kai ta gindin akwatin, nan ma ya yanke. Kowane yankewa sai ta duba agogon bango ta rubuta a bayan katin. Babu ramin kebul na intanet a jikin laftof ɗin, siririya ce irin ta yanzu. Ramuka biyu ne kawai na haɗa kaya, ɗaya na'urar hoto ke shiga, ɗayan kuma ya daɗe da lalacewa, don haka ba damar jona waya a ba ta intanet yayin da ake aiki. Na ce to a ɗauki allon da kyamarar waya mana. Likita ya ce ƙwararriyar ta riga ta faɗa masa hakan ba zai yi ba, abin da take nema ƙanana ne, hoto dishi-dishi ba zai nuna su ba.

Goma da rabi ta wuce lokacin da Yaya ta buɗe jerin kayan cikin kwamfutar ta zuba masa ido. Muna tsaye a kanta sai sunan katin waifai ya ɓace daga jerin, bayan ɗan lokaci ya sake bayyana. Ta ce laifin ba na waje ba ne, na direba ne. Na tambaye ta wane direba kuma, mu da ba mu da ko motar asibiti. Ta yi mini bayani cewa wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin kwamfuta da katin waifai, ita ke gaya masa abin da zai yi, kuma kwana uku da suka wuce laftof ɗin ta sabunta shi da kanta ba wanda ya sa ta.

"Shekara ashirin da shida ina auren direban babbar mota," in ji ta, idonta na kan allo. "Na san halinsu. Yau suna nan, gobe sai ka neme su ka rasa."

Ni kaɗai na yi dariya, ita ma gajeriya.

Akwai maɓallin da ke mayar da tsohon direba, amma da ta je kansa ya dushe, ba ya dannuwa. Ta kifa laftof ɗin ta karanta lambar da ke ƙasanta, wadda rabinta ya goge, ta shiga shafin masu ƙera ta da wayarta. Direbobi biyu ta samu masu lamba kusan iri ɗaya, bambancinsu harafi guda a ƙarshe, kuma daidai wurin ne ya goge. Ta koma jerin kayan, ta jira sunan katin ya dawo, ta kwafe shi harafi-harafi, sannan ta zaɓi ɗaya ta sauke. Ta zare na'urar hoto, ta jona wayarta ta tura shi ciki.

A lokacin an riga an shigo da yarinyar. Uwar tana zaune a bakin gado ta rungume ta, uban yana tsaye a ƙofa, zare na manne a hannun rigarsa. Ba su san me ake yi ba, amma sun ga fuskar Likita.

Yaya ta ce sai ta goge sabon direban gaba ɗaya kafin tsohon ya zauna. Likita ya tambaye ta me zai faru idan wanda ta sauke bai dace ba. Ta ce to babu waifai ko na minti ɗaya ke nan, sai an sake lale.

"Yaya, sha ɗaya da kwata fa," in ji shi. "Mai yankewa ya fi babu. A bar shi haka, mu lallaɓa."

"Likita, ka duba nan." Ta miƙa masa katin. "Minti huɗu, minti uku, minti shida, minti biyu. Kowane yankewa sai an sake kiran ƙwararriyar. Rabin awar a sallama da gaisuwa zai ƙare."

Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce ta yi abin da ta ga ya dace. Ta yi bismilla ta goge. Alamar waifai ta ɓace daga ƙasan allo. Ta sa tsohon direban, ta sake kunna laftof ɗin, sai ga rubutu ya fito cewa kwamfuta tana kammala wasu gyare-gyare, kada a kashe. Wani ɗan zobe ya shiga juyawa. Kashi goma sha biyu cikin ɗari, ya tsaya a nan kamar an dasa shi.

Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi shiru haka ba. Sai hakin yarinyar da ƙarar fanka. Likita ya fita ya dawo sau uku. Uban ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko na'urar ta mutu ne, na ce masa a'a, alhali ni ma ban sani ba. Yaya ta harɗe hannuwa a cinya, ba ta taɓa komai ba, amma na ga gumi yana bin bayan kunnenta. Sha biyu saura minti tara allon ya buɗe. Waifai ya kama. Ta ƙirga minti bakwai a agogo bai motsa ba, ta mayar da na'urar hoto, ta tashi ta ba Likita kujera.

Ƙwararriyar ta shigo da hular tiyata a kanta, ba ta ɓata lokaci ba. Tana cewa ya ɗan karkata hagu, ya danna ƙasa kaɗan, ya tsaya a nan. Minti goma ana tafiya daidai, sai hoton fuskarta ya daskare, waifai ya tafi.

Likita ya juyo ya kalli Yaya. Ita kuwa ba allon ta kalla ba, bango ta kalla. Ashe nas ɗinmu ce ta zare cajar laftof ɗin ta sa na'urar ɗumama ruwa, don soket ɗaya ne a kusa da gadon. Yaya ta mayar da cajar, ta sunkuya ta gefen kafaɗar Likita ta buɗe saitin katin waifai. Akwai wani ɗan akwati da ke ba kwamfuta izinin kashe waifai idan tana kan batir don ta yi tattalin wuta. Ta cire alamar da ke ciki, ta sake kira. Duka bai kai minti biyu ba, amma nas ɗin har ta fara hawaye. Yaya ta dafa ta ta ce ba laifinta ba ne, ita Yaya ce ya kamata ta duba wurin tun farko.

Bai ƙara yankewa ba. Ƙwararriyar ta ga abin da take nema, ƙaramar ɓula ce a tsakanin ɗakunan zuciyar. Ta ce za a yi aiki, amma ba na gaggawar yau ba ne. Ta faɗi magunguna biyu da zan haɗa, ta ce a kai mata yarinyar bayan mako uku idan ta ɗan yi ƙwari. Uwar ta tambaya ko za ta rayu, ta amsa mata cewa irin wannan suna gyara shi kowane mako, kuma yawancin yaran suna tashi lafiya. An yi aikin a wata na gaba. Yarinyar yanzu tana gudu a barandarmu duk ranar da aka kawo ta awo, sai an riƙe ta.

A ranar dai, kafin ƙwararriyar ta gama sallama Yaya ta fice. Na bi ta da robar ruwa, na tarar layin ya kai har bakin titi, wani dattijo yana buga sandarsa a ƙasa yana cewa tun safe yake nan, ma'aikatan yanzu ba su san darajar mutane ba. Ta zauna, ta sha ruwan.

"Ka yi haƙuri, Baba, an tsare ni a ciki ne," ta ce. "Kawo lambarka in gani."