Buhunan gero sun raba ni da Alhaji Bawa

Jama'a, yau an sha gabana! Da, daga Agadas har Garwa, kunnena kaɗai ke gano ciwon inji. Yanzu sai kwamfuta.

A-kori-kurar Alhaji Bawa, mai kai gero Zurmi, takan mutu a hanya, amma a garejina lafiya lau. Mako uku ina fama! Yau ya ja ni wurin Emeka, mai gyaran wutar mota a Ƙaura. Emeka ya jona kwamfutarsa da motar ya ce, "Baba, kun gwada ta da kaya?"

Aka loda buhuna. Ta mutu nan take! Ashe nauyi ke danne wayar famfon mai.

Alhaji ya ce, "Malam Isa, wanga ya hi ka!"

Na yi dariyar yaƙe. Shekara talatin nake gyara masa mota. Daga yau Emeka ne makanikinsa.