Rabon Kaka a Gonar Pak Sabdin

A ƙauyenmu na bakin kogin Kinabatangan, a da babu wanda ya kai Pak Sabdin jin haushin giwa. Gonar ayabar da ya gada wurin mahaifinsa, garke guda ya shiga ya mai da ita fili fetal. Amma ko a ranar bai kama sunan giwa ba. Mu nan ba a yin haka kusa da daji. Kaka ake cewa, ko da ta cuce ka.

Da gona ta tafi sai ya koma tuƙa kwalekwalen inji, yana kai baƙi masu yawon buɗe ido su kalli birai masu dogon hanci, da kada, da ita Kakar. Ikon Allah, wadda ta kore shi daga noma ita ta riƙe masa gida har ɗansu Mazlan ya gama makaranta, kuma bai taɓa gajiya da faɗin haka ba. Matarsa Norsiah kuwa ba ta yafe ba. Ta sake dasa ayaba a gaɓar kogi, ta girka bindigar gora mai ƙara kawai, wadda ake kunnawa da ashana, da ta ji motsi sai ta ɗirka, garke ya watse.

Wata damina aka haɗa Pak Sabdin da wani tsoho daga Japan mai suna Kuroda, tare da 'yarsa. 'Yar ta ja shi gefe ta ce idon mahaifinta yana mutuwa, likita ya ce ba zai kai baɗi yana gani ba, kuma burinsa kawai ya ga giwa a dajinta. Suka yi kwanaki suna hawa da gangara a kogi, ko kashinta ba su gani ba. Sai yammacin ƙarshe, suna komowa hannu rabbana, Pak Sabdin ya hango itatuwa na rawa daidai bayan gonarsu. Ga Norsiah tsugune gindin gorarta da ashana a hannu, ga ayaba ta ƙosa, saura sara.

Ya kashe inji, ya miƙe, ya haɗa hannu biyu yana roƙonta daga nesa, yana nuna tsohon. Ta ɗora yatsa a ka, wai ko ya zautu ne. Ta daɗe tana hararsa kafin ta jefar da ashanar ta haye bukkar tsaro.

Sai ga giwaye, manya da 'yar jaririya tana tuntuɓe da hancinta. Suka hau ayaba da karya, ƙas, ƙas, kowace ƙara Pak Sabdin yana jin ta a ƙirjinsa. Tsoho ya cire tabarau ya goge ya mayar, hawaye na zuba, yana ta sunkuyar da kai wajen giwaye, wajen gona, wajen matar da ke saman bukka.

Bayan garke ya wuce, Pak Sabdin ya matso gaɓa a sanyaye, ya ce mata ayaba dai tana sake tohowa.

"Rufe min baki, Baban Mazlan," in ji ta, tana tsintar abin da ya rage. "Shi tsohon ya gani ko bai gani ba?"

"Ya gani, har jaririyar."

Ta share ido da bakin mayafi. "To alhamdulillahi. Da asarar ta zama biyu. Ka ce su jira in soya musu wannan."