Tsakuwa Bakwai a Aljihu

Ban taɓa aikin da ya wahalshe ni kamar zaman dutsen nan ba. Noma ya fi shi sauƙi, don manomi in ya gaji sai ya miƙe. Ni kuwa zama aka ce in yi, daga hantsi har la'asar sakaliya, wuya a ɗage, ina ƙidayar tsuntsaye.

Mutanen wani furoje, wato aikin bincike, daga Yamai ne suka ɗauke ni a ƙarshen damina, don ubana maharbi ne, na san shaho da shirwa da gaggafa tun daga nesa. Shugabarsu, Madam muke ce mata, ta ba ni jumel, madubin hangen nesa. Ta ce tsuntsayen nan daga Turai suke zuwa kowace kaka, suna son sanin ko raguwa suke yi. Ba na rubutu. Sai na jera gwangwanayen tumatir, kowane iri da nasa, wanda ya wuce in jefa masa tsakuwa. Da yamma ta kira ni a waya in faɗa mata. Ta kafa mini sharaɗi: ba sauka daga kan dutsen, kuma in na ga mataccen tsuntsu in faɗa, a turo ma'aikatan daji su bi sawun wanda ya yi.

Daga kan dutsen kuwa ana hango gonarmu ta hanyar Ɗan Kassari. Gandu ne, ni da yayana. Bana hatsi bai yi ba, waken da ke ciki shi ne abincinmu, ga fara ta sauka a kansa.

Wata rana wajen azahar na ga ƙananan shahuna masu jan baya, garke guda, suna shawagi. Na jefa musu tsakuwarsu. Da na bi su da jumel sai na ga gonarmu suke sauka, cin fara. Ga Yaya a tsakiyar wake da famfo a baya, yana fesa maganin da ya sayo a kasuwa, wanda ko takarda babu a jikin kwalbarsa. Ina ganin har ɗankwalin da ya ɗaure hanci da shi. Na kira wayarsa, tana gida. In na sauka na karya sharaɗi, kuma kafin in isa ya gama. Haka na zauna ina kallo.

Kafin magariba na bi ta gonar. Shahuna bakwai na samu a kwance tsakanin kunyoyi, ɗaya yana ta buɗe baki.

Na tarar da Yaya yana wanke hannu a ƙofar gida.

"Yaya, maganin ga ya kashe tsuntsayen da nike ƙidaya."

"To, ƙanena, sai mi? Wake za mu ci ko shaho?"

"An ce in hwaɗi."

"Hwaɗi mana. In sun tahi da ni, kai ka ci da gida biyu da gwangwanin tumatir."

Madam ta kira, na ba ta lissafin ranar. Ta ce, "Ba wani abu kuma?" Na ce babu.

Da safe na ɗauki fartanya na koma gonar, na haƙa rami gindin gawo na binne shahunan. Sannan na hau dutse, na ɗebi tsakuwa bakwai daga gwangwaninsu na zuba a aljihu, na zauna na ɗaga wuya.