Allon Askin Yaya Bala

Ina ɗaga waya zan ɗau hoto kenan, sai na ga ƙeyata a bango. Wallahi tawa ce, har da tabon nan na bayan kunne. Jiya Yaya Bala ya cika shekara bakwai da rasuwa, ni kuma zafin rana ne kawai ya koro ni cikin ɗan gidan nan da ake nuna zanen zamani.

Allon shagon aski ne. Kawuna shida, kowanne da irin askinsa, kuma duka kaina ne, don in Yaya zai yi zane ni yake zaunarwa a kan bokiti a zauren gidanmu na Ƙofar Ran. In na motsa ya ce, "Kai mai kan kwakwa, tsaya mana!" Wani mai aski ɗan kudu Yaya ya zana wa, can bakin kasuwar Muda Lawal. Ruwa ya daki allon, rana ta dake shi. Yau ga shi an haska masa fitila, an hana taɓawa. Da Yaya zai gani, sai ya yi dariya har ya ƙware, mutumin da a wandonsa yake goge buroshi.

A ƙasa an rubuta wai ba a san mai zanen ba.

Na ce wa matar da ke kula da wurin na san shi. Nan take ta miƙo biro. "Don Allah ɗan'uwa, sunansa kawai." Ban karɓa ba.

Ranar sadakar uku, wani kawunmu ya ce wa Inna duk mai zana abu mai rai, gobe kiyama sai an ce ya hura masa rai. Inna ba ta yi musu ba. Ta sa na kwaso allunan ɗakinsa na shafe su da farin fenti, ɗaya bayan ɗaya. Da hannuna na yi. Har yau in ta idar da salla, roƙonta Allah Ya sa a manta ɗanta ya taɓa zane.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To. Amma 'yar da Yaya ya bari tana aji huɗu, ba ta san babanta ya iya zana ko kaza ba. Allo ɗaya ya tsira, shi ma don ba a gida yake ba.

Na gaji da juya maganar. Ku da ke karantawa, sunan za ku bayar, ko hankalin tsohuwa za ku bari a kwance?