Shekarar da Gyaɗarmu ta Ruɓe

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na fito da tsintsiya zan share ƙofar gidanmu a unguwar Wuro Patuji da ke Mubi, sai na tarar da Bappa Haman, ƙanin Babanmu, ya cusa rabin jikinsa cikin but, wato mazubin kaya na bayan motar gida, wayoyi ja da baƙi sun zubo har ƙasa kamar hanjin akuya. Motar tsohuwa ce, amma ita ce ƙafar gidan. Baba ya tafi ta'aziyya Gude, ya bar masa makulli don ya kwaso gyaɗarmu da ke shanye a gonarmu ta Bahuli. Mako biyu muka yi muna tuge gyaɗar nan muna tsinka, ni da ƙannena, har tafin hannunmu ya yi kanta. Ko gaɗa ban fita ba a kwanakin, don da an ci tuwo barci ke kwashe ni.

Bappa kuwa hankalinsa na kan wata amfilifaya ta hannu mai baki huɗu da ya samo, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da ƙatuwar sifika da suke kira wufa. Ya ƙera mata akwati da ƙyauren ɗakin kaji, ya yage soson katifar Kaka ya cusa ciki. Ina ji yana yi wa abokansa bayani yana taunar goro: "Baki ɗaya ba ya isar ta. Sai ka haɗe biyu su zama ɗaya, ka ɗauki ja a nan, baƙi a can, ƙarfin ya ninka." Wani mai gyaran wayoyin mota a gareji ya riga ya gargaɗe shi kada ya ɗora sifika biyu a kan bakin da ya haɗe, don amfilifayar za ta yi zafi. Ya ɗora. Fis ya ƙone sau biyu, sai ya naɗa tsurar waya a gurbinsa.

Da ya kunna, kwanukan Inna suka hau rawa a madafa, kaji suka watse, ni kuma na ji dukan har cikin jikina. Inna ta leƙo ta ce, "Haman, hadari fa yana haɗuwa." Ya ce, "Saura kaɗan, Adda," ya ƙara murɗa murya. Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe but ɗin, warin ƙonannen roba da tsohon soso mai kashin kaji ya cika unguwa. Aka kashe wutar da yashi, amma wayoyin motar sun narke har gaba. Motar ko tari ba ta ƙara yi ba.

Da la'asar ruwa ya sauko, ya yi kwana uku yana yi yana ɗaukewa, mayo, kogin da ke tsakaninmu da gonar, ya cika har ba mai iya haye shi. Ranar da aka kwaso gyaɗar a kan jakuna, tun daga nesa muka ji warinta. Aka zube a tsakar gida, aka zaunar da mu tsince. Wata ta yi baƙi tana yauƙi, wata ta yi furfurar funfuna, wata ta tsiro, in ka fasa kwanso tsutsa ta faɗo maka a cinya. Mako guda warin bai bar yatsuna ba duk da toka da sabulu, a aji ma yarinyar da muke benci ɗaya ta koma baya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Bappa, zaune gindin dalbejiya da ƙonanniyar amfilifaya a cinya yana hure mata toka. Har ya ɗago ya ce wa Baba, "Gyaɗa ai ana sake shukawa, Yaya. Irin wannan kuwa babu ita a duk Mubi." Baba ya miƙa hannu ya karɓi makullinsa. A shekarar nan Inna ba ta matse mai ba, ba mu ga ƙuliƙuli ba, ragon da aka ajiye wa Sallah kuma aka ja shi kasuwa. Na daina gaishe da Bappa har Kaka ta ja kunnena ta ce, "Gyaɗa ke ruɓewa, jini ba ya ruɓewa."

Yau samari na kai motocinsu wurin ƙwararru a haɗa musu komai da awo, babu mai yage katifar kowa. Gidanmu kuwa tun shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi muka watse bai sake cika ba. Mu muka gangaro Yola, Bappa ya bi ayarin da ya nufi tsallaken iyaka, kuma har yanzu babu wanda ya zo mana da labarinsa. Ban daina jin haushin maganar nan tasa ba. Amma da zan ji sallamarsa a ƙofa, da gudu zan shimfiɗa masa tabarma.