Matar da Ta Ƙi Karɓar Takardar Gidana

Tun kafin a busa jiniyar shiga aiki take isowa. Ofishin nata ɗan ɗaki ne a bayan sito, tsakanin famfo da rumfar da masu gadi ke jingine kekunansu. Abin da ke ciki bai wuce tebur ba, da kabad ɗin ƙarfe wanda sai an sa masa gwiwa yake rufuwa, da fanka mai kuka kamar an yi mata dole. Za ta rataye jakarta a ƙusa, ta goge gilashin taga, sannan ta jawo benci ta ajiye a waje. Bencin nan shi ne rabin aikinta, don ba ta yarda a yi mata maganar kuɗi a tsaye.

Ita ce akawun ƙungiyar ajiya da lamuni ta ma'aikatan masana'antar sabulu, inda na yi aikin jera kwalaye har bayana ya ce ya gaji. Dawo-gobe muke ce mata. Direbobi ne suka laƙaba mata sunan, kuma ya bi ta. In ajiya ka kawo, kafin ka gama gaisuwa ta sallame ka. Amma in rance ka zo nema da zafinka, sai ta saurare ka tsaf, ta gyara tabarau, ta ce ka dawo gobe. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekaru talatin da ɗoriya, kuma na ga bai kamata ta tattara jakarta ta tafi shiru ba.

Shugaban direbobi ya sha ba da labarin kansa yana dariya. Ya je neman rance don ya sayi waya irin ta surukinsa, ta ce ya dawo gobe. Da gari ya waye ya dawo, ya zauna a bencin, ya rasa bakin maimaita abin da ya kawo shi, sai ya tambaye ta lafiyar yara ya tashi. Amma kada ku ɗauka kowa take korawa. Mai jinyar asibitin ma'aikata ta shaida mini ranar da za a yi wa matar wani mai gadi aikin tiyata. Ran nan babu dawo gobe. Rufe tagar ta yi, ta ɗauki takardun da kanta tana bi ofis-ofis, ta tsaya a kan manya har suka sa hannu, kafin azahar kuɗin yana asibiti.

To, ni ma na zauna a bencin nan, kuma nawa zaman ne ya sa nake wannan magana.

Autana maƙerin walda ne. Da ya gama koyo, aiki ya ƙi samuwa a kusa, sai ya tafi wani gari mai nisa, inda in ka shiga mota da safe sai ka kwana a hanya. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya. Yarinyar ta san muryata a waya, ba ta san cinyata ba. Mahaifinsu ya rasu ya bar mana gidan da muka saya ba rufi, muka yi ta rufawa ɗaki-ɗaki. Yayyen Auta mata ne, kowace tana gidanta. Sai ni kaɗai da ɗakuna uku, ina share biyu da babu mai kwana a ciki. Duk kiran da zai yi sai na ce masa yaushe, shi kuma ya ce sai ya haɗa kuɗin inji da na shago.

A wani hutu ya zo gida da magana a bakinsa. Wai abokan aikinsa suna saka kuɗi a asusun zuba jari na haɗaka, inda ake tara kuɗin mutane da yawa wuri ɗaya, masana su sayi hannayen jari da shi, kowa ya riƙe kasonsa, in an ci riba a raba. Ya ce in ya tsaya tara kaɗan-kaɗan duk wata, sai furfura ta fito masa kafin ya dawo. Amma in na ci masa babban rance a ƙungiyarmu ya zuba gaba ɗaya, ribar za ta biya bashin har ta bar saura, nan da shekara biyu yana gida. Rancen ya fi ƙarfin ajiyata, saboda haka sai an jinginar da takardar gida. Ni lissafin bai shiga kunnena ba. "Ina gida" kawai na ji. Na buɗe akwati na ɗauko takardar, na naɗe ta a leda, muka kama hanya.

Ta zaunar da mu. Ta fara da tsokanar Auta, wai wannan gemun a ina ya aro shi, alhali jiya-jiya yake kuka a bakin ƙofar masana'anta sai an ba shi kwalin wasa. Na miƙa mata ledar ta taga. Ko taɓawa ba ta yi ba.

"Yaya, mayar da ita jaka tukuna," in ji ta.

Auta ya zuba bayaninsa, har da zane a bayan hannu. Ta bar shi ya kai aya. Ta ce asusun ba damfara ba ne, ita kanta tana saka ɗan abin da ya samu duk wata. Sai dai darajarsa tana hawa tana sauka, babu wanda zai sa maka ranar da ribar za ta zo. Bashi kuwa ranarsa a rubuce take, da kuɗin ruwansa, kuma ba ya tambaya ko kasuwa ta yi kyau.

"Ba ni da ikon hana ku," ta ce masa. "Amma yi mini abu ɗaya. Abin da za ka riƙa biya duk wata in ka ci bashin, fara turo shi ajiya, na wata shida. In ba ka tsallake ko ɗaya ba, da hannuna zan cika muku takardun."

"Anti, wannan ai ba dawo gobe ba ne, dawo baɗi ne," in ji Auta.

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na ce mata tana da bakin magana tunda nata 'ya'yan suna gabanta, tana jin motsinsu safe da yamma. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Na sani, Yaya. Shi ya sa nake so in ya dawo ya tarar da inda zai sauka."

Haka take yi wa duk mai son cin bashi don ya zuba jari. Ba ta musu da kai, sai ta ɗora maka kayan ka ji nauyinsa tun babu abin da za ka rasa. Auta ya koma, ya turo na farko, ya turo na biyu. Ana haka aka yi musu jinkirin albashi, yarinyar kuma ta kwanta zazzaɓi, wata ya wuce babu ko sisi. Ita ya kira, ba ni ba, don kunya. Daga baya ya gaya mini ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tambayarsa ta yi nawa zai iya cirewa daga albashinsa duk wata ba tare da tukunyar gidansa ta ji ba. Suka tsayar da ɗan abu, rabi ajiya, rabi ya riƙa sayen kaso a asusun nan duk wata.

Shekarar da darajar asusun ta faɗi, mun ga abin da ya sami mai kula da sito. Shi da ta ce ya dawo gobe, sai ya je wani wuri ya ci rancen ya zuba duka. Masu bashi ba su jira kasuwa ta farfaɗo ba, dole ya sayar da kasonsa a faɗuwa, ya haɗa da babur ɗinsa. Bakinta bai taɓa ɗaukar zancen ba. Ita ce ma ta raka shi aka sassauta masa biya. Auta kuwa babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ci gaba da sayen nasa kaɗan-kaɗan, ya jira har abin ya miƙe. Ba arziki ya yi ba, kada in yi muku ƙari. Tarawa dai ya yi.

Dawo-gobe, ƙanwata, bari in juyo gare ki. Ke ce kika ƙara mini shekarun jira, kuma ba zan ce sun yi daɗi ba. Haƙoran yarinyar nan sun zube sun fito ban gani ba. Akwai yammacin da nake zama a tsakar gida in ji mota ta tsaya a layi, in miƙe, sai in ji ƙofar maƙwabta ce aka buɗe. A irin wannan lokacin nakan ce da kin karɓi takardar nan kawai. Amma ke ce kuma wadda duk ƙarshen wata, in na zo na zauna ba tare da wani dalili ba, za ki leƙo ki ce, "Ya turo, Yaya." Ba ki taɓa faɗa mini nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Kalmomin nan sun ishe ni, don su ne ke gaya mini yana lafiya, kuma bai fasa dawowa ba. Mai riƙon amanar talakawa, mai faɗin gaskiya ko za a daina gaishe ta, na gode.

Makon jiya wata motar kaya ta tsaya, kuma wannan karon ƙofata ce. Aka sauke injin walda da tukwanen gas da akwatin kayan aiki, na sa aka shigar da su soro aka lulluɓe da tamfol. Auta ya kama shago a bakin titi, zai taho da iyalinsa da zarar kwangilarsa ta ƙare. Yarinyar ta tambaye ni a waya ko gidana yana da bishiya. Na ce yana da ita, kuma gidan nata ne.

Ke 'yata da za ki gaji wannan tagar, da duk wanda aka zaunar a inda mutane ke zuwa da burinsu a hannu, ku yi koyi da matar nan. Cika takarda ba wuya, kowa zai iya. Ku dubi fuskar wanda ya kawo ta, ku tambayi abin da zai rasa in lissafinsa ya ƙi. Ku kuma masu gaggawa irina, in aka ce ku gwada nauyin kafin ku ɗauka, ku gwada.

Dawo-gobe, Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya sa naki 'ya'yan su riƙe ki yadda kika riƙe na mutane. Roƙo ɗaya ya rage mini. Ranar da za su iso, ki zo ki tsaya tare da ni a ƙofar gida. In yarinyar ta sauko daga mota, ke za ki riƙe hannuna.